Kwana Biyun da Na Ɓoye wa Naomi

Talata, 16 ga Satumba, 2025

Mutane suna ɗauka wanda ya iya ruwa ba ya nutsewa. Ni ma haka na ɗauka har yau da la'asar.

Timothy ne. Ɗan Naomi maƙwabciyata, wanda na koyar a aji biyar da aji shida. Tun da ya gama sakandare yake ɗibar yashi a kogi tare da samarin garin nan, suna tara wa masu tifa da ke kaiwa wuraren gini a cikin Abuja. Abokinsa Wisdom ya ce har sun fara haɗa kaya za su tashi, Timothy ya koma ya ƙaro bokiti ɗaya. Ya nutsa da bokitin. Bokitin ya taso babu komai a ciki, shi bai taso ba. Jiya an yi ruwa sosai a can sama, kogin ya cika ya yi ja.

An yi ta nema har magariba. Babu.

Naomi ba ta nan. Mako uku ke nan tana Uke wurin 'yarta Juliet da ta haihu. Baba Yamusa, yayan marigayi mijinta, ya tara mu a ƙofar gidansa ya ce kada kowa ya kira ta. Ba a gaya wa uwa irin wannan ta waya, balle ba a gan shi ba tukuna. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, don a Zariya ma haka muke yi.

Wata mai zuwa Timothy zai fara Kwalejin Ilimi. Ni na cike masa takardun.

Laraba, 17 ga Satumba

Ta kira ni.

Lokacin hutun tara ne, yara suna waje. Na ga sunanta a waya, na bar ta ta yi ƙara har ta tsinke. Ta sake kira. Na zagaya bayan aji na ɗauka.

Ta ce, "Malama, tun jiya ina kiran yaron nan, lambarsa ba ya shiga." Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka, Hausarta tana nan yadda na same ta, "ka" take ce mini kamar yadda take ce wa kowa. Ta ce ta kira Baba Yamusa bai ɗauka ba, ta kira Wisdom a kashe. "Shi ya sa na ce bari in kira wanda ba ya ƙarya."

Na ce wayarsa ce ta faɗa ruwa.

Da na tsaya a nan. Amma ta ce, "Ka gan shi da idonka?" Muryarta tana rawa, ni kuma ban taɓa iya jin murya tana rawa in bar ta haka ba. Na ce na gan shi ɗazu a bakin makaranta yana cin gasasshiyar masara.

Ta yi dariya. Wallahi ta yi dariya. Ta ce, "Wannan yaro da masara. Ka ce masa ya rage wa mutane." Sannan ta ce ai har ta ɗaure kayanta, tun safe zuciyarta ba ta kwanta ba, tana shirin fita tasha. Amma tun da Malama ta gan shi, za ta zauna har Lahadi a kai jariri coci.

Ina jin kukan jaririn a bayanta.

Na koma aji na koyar da rabawa. Ban san abin da na rubuta a allo ba.

Yau ma ba a same shi ba. Wataƙila ruwa ya kai shi wani ƙauye, wani ya tsamo shi da rai. Ana yin haka. Na taɓa jin an yi haka.

Alhamis, 18 ga Satumba

An same shi da hantsi, ƙasa da gada, a cikin saiwoyin itace.

Ina wurin. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

A garin nan wanda ruwa ya ci ba a shigo da shi cikin gari, a bakin kogin ake binne shi. Fasto ya so ya yi magana, a kai shi mutuware a Kuje ko da na kwana ɗaya ne, uwarsa ta iso. Da ya matsa kusa ya duba, ya janye maganar. Baba Yamusa musulmi ne, Fasto kirista, tsofaffin da ke riƙe da al'ada suna gefe da sandunansu. Tun da na zo garin nan ban taɓa ganin su ukun sun yarda da abu ɗaya da sauri haka ba. Kafin azahar an gama.

Tun da aka gan shi aka tura Wisdom Uke ya ɗauko ta. Amma daga nan zuwa Uke, da cunkoson Nyanya, zuwa da dawowa. Sai bayan la'asar suka iso.

A hanya ya ce mata zazzaɓi ne. Tana saukowa daga acaɓa ta ga bencinan makaranta da na coci jere a ƙofar gidanta. Ta tsaya. Jakarta tana kafaɗa, a hannunta leda da ƙuli-ƙuli da ta sayo masa. Mata suka yi kanta suna kuka. Ita ba ta yi ba. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina.



Da jiya ta taso, da tana bakin kogin yau da safe. Da ta taɓa shi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Garin duka yana gidan. Ba wanda ya je gona, masu shago sun rufe, har Ɗangoggo mai shayi wanda ko ranar salla ba ya rufewa. Maza musulmi a tabarma ƙarƙashin mangwaro, matan zumuntar coci a tsakar gida suna waƙa a hankali, tsofaffi a bayan rumbu da ƙwaryar burukutu. Kowa yana da labarin Timothy. Ya gyara wa wannan famfo, ya kai waccan asibiti a babur, shi ne mai tsaron raga da ba ya yarda an ci shi, kullum sai ya ce ƙwallon ta bi ta waje.

Ni abin da nake ta tunawa, ranar da takardar kwaleji ta fito. Ya leƙo ajina ya ce, "Malama, ki fara haɗa kayanki, shekara uku na zo karɓar allin nan. Kin tsufa." Na jefe shi da dasta.

Na shiga ɗaki gaisuwa. Na durƙusa na ce, "Mama Timothy, ya haƙuri?" Sai da sunan ya fita na ji nauyinsa. Haka kowa ke kiranta, ban san wani suna ba bayan Naomi, kuma ban taɓa kiranta Naomi a gabanta ba. Tana kallon bango. Juliet, da ta iso da safe da jariri a goye, ita ta amsa: "Mun gode, Malama." Kamar yadda ake amsa wa baƙuwa.

Asabar, 20 ga Satumba

Na dafa shinkafa da wake na aika. Kwanon kowa ya dawo a wanke. Nawa ya dawo a rufe, yadda ya tafi.

Lahadi, 21 ga Satumba

An yi masa addu'a a coci da safe. Bayan la'asar Baba Yamusa ya tara nasa mutanen aka yi sadaka. Yau ce ranar da za a kai jariri coci a Uke.

Na kira Umma a Zariya na gaya mata komai. Ta ce, "Ikilima, ke kika fara? Lokacin da babanku ya rasu ai ce mini aka yi yana nemana. Haka ake yi, don kada mace ta faɗi a hanya." Na ce amma ke kin iso kafin a ɗauke shi. Sai ta tambaye ni ko ina cin abinci.

Mijina, Baban Muktar, ma haka yake cewa. Umarnin manya na bi, in bar damun kaina.

Litinin, 22 ga Satumba

Mai masara ta kafa murhunta a bakin makaranta kamar kullum. Na shiga ta ƙofar baya.

Laraba, 24 ga Satumba

Na rubuta mata wasiƙa, shafi biyu, na gyara sau uku. Har na ninke sannan na tuna ni ce mai karanta mata wasiƙa. Takardar asibiti, saƙon waya, sakamakon jarrabawar yara, duk nan take kawowa.

Na sa ta cikin wannan littafin. Da na sake dubawa ma, kusan duk a kaina take. Yadda na ji, abin da na nufa, yadda zuciyata take.

Asabar, 27 ga Satumba

Samari sun koma kogi. Masu tifa sun yi kwana goma suna jira, yau suka fara danna hon tun safe. Ban ga laifin kowa ba. Ban kuma iya kallonsu suna wucewa da bokitai ba.

Wisdom bai koma ba. Na same shi zaune a kan dakalin makaranta, na zauna kusa da shi na fara abin da na saba, ya sake rubuta jarrabawa, zan ba shi littattafai, zan riƙa duba masa lissafi da yamma. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Malama, ni na ce masa tifar oga ba ta cika ba."

Na ce ba laifinsa ba ne, ajali ne.

Ya ce, "Kowa haka yake ce mini. Ba ya shiga."

Na so in ce ni ma ba ya shiga. Ban ce ba. Ni malamarsa ce.

Talata, 30 ga Satumba

Baba Yamusa ya je ya yi mata magana a kaina, ba da sanina ba. Lucy matar ɗansa ce ta kawo mini labari muna layin famfo. Wai ya ce mata, "Ni na hana a faɗa. In fushi za ki yi, ga ni." Ita kuma ta ce, "Kai ka ce kada a faɗa. Ka ce a ce an gan shi yana cin masara?"

Tsoho ya ɗauki hularsa ya fito.

Lucy ta ce in ƙara haƙuri. Na ce ni za a ba haƙuri?

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Na wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Juliet ta koma Uke jiya. An kwashe bencina. Gidan shiru, ta katanga ina jin Naomi tana shara, tana kiran kaji.

Matan garin sun fara damuwa. Kwana goma sha bakwai ba ta zubar da hawaye ba, ba ta kuma je bakin kogi ba. Fasto ya ce zai raka ta, ta ce ba yanzu ba. Matan zumunta sun zo sun yi waƙar da aka yi ranar da mijinta ya rasu, ko za ta karye, ta ba su ruwa ta raka su ƙofa. Kullum da sassafe sai ta saɓa kwando a kafaɗa ta tafi gonar doyar da Timothy ya shuka, ta yini tana cire ciyawar da babu. Ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu.

In mun haɗu a hanya sai ta kalli ƙasa ta wuce. Ba da fushi ba. Da ma da fushi ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Lucy kuma. Yau a gida ta same ni, ta ƙi zama.

Ta ce jiya ta matsa wa Naomi, ta ce Mama ki yi kuka mana, abin nan zai kashe ki. Naomi ta ce, "Na san ya mutu. Kaina ya sani. Amma ko yaushe na rufe ido, a bakin makaranta nake ganinsa da masara, yana dariya. Yaya zan yi kukan mutum da yake cin masara?"

Na zauna a kan turmi.

Duk kwanakin nan ina ɗauka abin da na ɗauke mata shi ne kwana biyu da ganin gawa, kuma wannan ya wuce, ba ya dawowa, sai dai a yafe ko a ƙi. Ashe na bar mata wani abu a wurin. Kowa a garin nan ganinsa na ƙarshe da Timothy na gaskiya ne, ko a kogi ko a hanya. Uwarsa kaɗai aka ba na ƙarya, kuma ni na zana mata shi, da kyau, har da gashin masara.

Mazan da suka tsamo shi ba za su gaya mata ba. In ta tambaya "ya huta" za su ce. Mace ɗaya ce ta sauka har bakin ruwa ranar.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Darasin yau a aji shida shi ne riƙon amana. Na ce su buɗe shafi na gaba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je.

Na same ta a tsakiyar gonar, a sunkuye. Na yi sallama ba ta ɗago ba. Duk abin da na shirya a hanya, na ban haƙuri da na rantsuwa, na bar shi. Na ce, "Ranar Laraba ban gan shi ba. Ƙarya na yi. Ranar Alhamis na gan shi. In kina so zan gaya miki abin da na gani."

Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta miƙe, ta karkaɗe hannunta, ta kama hanyar kogi. Na bi ta a baya. Muka wuce gada.

Kabarin yana kan ɗan tudu, an kewaye shi da duwatsu, ciyawa har ta fara fitowa. Ba ta kalle shi ba. Ta zauna a kan yashi ta juya masa baya, tana fuskantar ruwa. Ta ce, "Fara daga Talata. Kar ka tsallake."

Na fara. Bokitin. Samarin da suka yi ta nutso har idanunsu suka yi ja. Taron ƙofar Baba Yamusa, da cewa ni ma na ce haka ne. Inda na tsaya da na ɗauki wayarta. Ta ce, "Lokacin da nake dariya, ana nemansa?" Na ce ana nemansa.

Na nuna mata itacen. Na gaya mata mutum huɗu ne suka ciro shi, da sunayensu.

"Fuskarsa?"

Na ce ta kumbura. Na ce da wuya a gane shi, ni da tabon goshinsa na gane shi, na faɗuwar da ya yi daga kan mangwaron makaranta.

"Kifi ya taɓa shi?"

Bakina ya buɗe zai ce a'a. Na ji shi yana buɗewa. Na ce ya taɓa kunnensa na hagu da yatsu biyu.

Ta gyaɗa kai.

"Tsirara aka bar shi a ƙasa?"

Na ce gajeren wandonsa na aiki yana jikinsa. Na ce na cire mayafina na rufe shi tun daga kai, na zauna kusa da shi ina kore ƙuda har aka kawo farin yadi daga cikin gari. Na ce na kira sunansa sau biyu, ban san dalili ba. Na ce na share masa yashin da ke goshinsa.

"Da wane hannu?"

Na miƙa mata. Ta riƙe shi ta juya, tana dubawa kamar za ta saya. Ta ɗora shi a goshinta.

Sai kukan ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba, daga ciki can ƙasa, kamar ana tsaga itace. Samarin da ke ɗibar yashi a tsallake suka fito daga ruwa suka tsaya. Ta rarrafa zuwa kabarin ta kwanta a kansa tana yi masa magana da yarensu, faɗa take yi masa, na ji kalmar bokiti a ciki. Ban matsa ba, ban ce ta yi haƙuri ba. Na zauna kawai har inuwa ta juya.

A hanyar dawowa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ban yafe ba, Malama."

Na ce na sani.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ruwa da asuba, ɗan kaɗan. Damina ta kusa tafiya. Aji shida sun yi gwajin lissafi, rabinsu har yanzu ba su gane kaso ba, sai na sake daga farko.

Da safe ina share ƙofar gida ta fito da kwando a kafaɗa. Na matsa in ba ta hanya. Ta tsaya.

"Malama, ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau" tana bakina, shekara arba'in da wani abu ina faɗinta. Na ji kaina na ce, "Ban yi barci sosai ba."

Ta ce, "Ni ma."

Muka tsaya haka, ni da tsintsiya, ita da kwando. Ta gyara shi a kafaɗa ta ce doyar yaron ta isa tono, ranar Asabar za ta fara. Ta wuce.

Ba ta ce in zo ba. Na dai tambayi Baban Muktar inda ya ajiye fartanya.